Ci-ranin Hannun Hagu

Khalifa ne ya ja min wannan dogon zance. Ɗan abokina ne na Zariya, yana karatu a wata kwaleji a unguwar Setapak a nan Kuala Lumpur, kuma duk Asabar shi da abokansa sukan same ni a mamak, wato shagon shayi da abinci, na ƙasan gidanmu a Danau Kota su sha shayi a kaina. Ran nan ya bi ni wajen aiki don ya ga abin da nake yi. Ya tsaya bayan raga yana kallo har na tashi. Da muka fito sai ya ce, "Kawu Sani, wai shi ke nan? Jifa kawai? Wallahi this one ko ni zan iya, give me one week."

Ban yi fushi ba. Da ni ne a bayan ragar nan, abin da zan faɗa ke nan: dattijo da furfura a gemu yana ɗibar ƙwallo daga bokiti yana jefa wa mutane suna bugawa. Amma tunda kun ce abu ne mai sauƙi, ku gyara zama ku ji yadda aka yi na iso bakin bokitin. Ban yi muku alkawarin za ku gane ba, don ni mai sana'ar ma har yau akwai inda ya shige min duhu.

Wasan besbol, in ka tattara shi, mutum uku ne. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudun jar ƙasa. Can gabansa mai duka ne riƙe da gora. Bayan mai duka kuma mai cafewa ne a tsugune, da kwalkwali da sulke da safar hannu ta fata mai kauri. Aikin mai jifa shi ne ya wuce da ƙwallo ta gaban mai duka, tsakanin gwiwarsa da ƙirjinsa. In ya kuskure ta sau uku, ya fita. In kai ka jefa waje sau huɗu, ka ba shi hanya kyauta. Wato dole ka kai masa ita har inda gorarsa ke kaiwa, kuma dole kada ya same ta. Tsakanin dolen nan guda biyu na yi rayuwata.

Ni bahago ne. Tun ina rarrafe Inna ke buge min hannun hagu da ludayi in na kai shi kwano, har na koyi ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Jifa ne kaɗai ba a kula da shi ba, don ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Muna sakandare aka kawo mana wani malamin wasanni ɗan Japan, muna kiransa Sensei. Wata rana akuya ta shiga lambun makaranta, na ɗauki hoge na same ta a kuturi daga nesa. Sai ga mutumin nan a guje. Na ɗauka duka zan sha. Ya kama hannuna na hagu da hannayensa biyu yana juya shi yana dubawa kamar mai taya rago. Ranar ce farkon da na ga wani ya yi murna da hannun nan. Daga baya ya fahimtar da ni dalili: masu duka sun saba da jifan dama, na bahago kuwa ta baibai yake zuwa musu, shi ya sa duk ƙungiya take son ta ajiye ko da guda ɗaya.

Zango guda cur bai bar ni na taɓa ƙwallo ba. Tawul ya ba ni. In riƙe bakinsa, in ɗaga ƙafa, in taka, in sauke hannu har sai tawul ya yi ƙara. Yara suna wucewa suna cewa Sani ya fara korar aljanu. Sannan ya ce in riƙa cusa yatsuna cikin bokitin ɗanyar shinkafa ina damƙa ina saki, don su yi ƙarfi. Da na je gida na nemi shinkafa, Inna ta dube ni ta ce, "Ta ci ma ba ta ishe mu ba, sai ta wasa?" Da yashin rafi na yi nawa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Ƙwallon farar fata ce, girman lemon zaƙi, da jan ɗinki da ya zagaye ta. Ɗinkin nan shi ne sitiyari. Inda ka ɗora yatsa a kansa, da yatsan da ya rabu da ita a ƙarshe, su ke gaya mata inda za ta. Safar hannu sabuwa ba ta da amfani sai ta yi laushi. Ni da man kaɗe nake shafe tawa, kuma duk ƙasar da na je sai an tambaye ni warin mene ne. Akwai ɗan ƙullin garin ƙaro a bayan tudu don busar da gumi. Sai farce. Mai jifa yana kula da farcensa fiye da amarya, don in ya tsage ko yatsa ya yi bororo, an gama da kai sai ya warke.

Ba ni da gudu, gara ku sani. Akwai samarin da in suka jefa sai ka ji iska tana kuka. Ban taɓa zama cikinsu ba. Abin da Allah ya ba ni wani jifa ne guda ɗaya da nake kira 'yar zamiya. Za ta taho sak kamar ta Allah, mai duka ya saki jiki ya kawo gora, sai a gab da shi ta zame gefe ta nutse. Ban san ranar da na koye ta ba. Sensei ma ya ce ba shi ya koya min ba, hannun ne ya zo da abinsa. Ita ta fitar da ni daga Zariya.

Wasana na farko a Japan saura ƙiris in yi dambe da ɗan ƙungiyarmu. Ba babbar gasar da ake nunawa a talabijin ba ce, ta ƙananan garuruwa ce, inda 'yan wasa ke share fili da kansu. Sensei ne ya nema min gwaji bayan ya koma gida. To mai cafewa shi ke gaya wa mai jifa irin jifan da zai yi, da yatsu, a ɓoye tsakanin cinyoyinsa. Yatsa ɗaya, miƙaƙƙe mai gudu. Biyu, mai lanƙwasa. Akwai kuma mai zuwa a hankali don yaudara, wanda a Zariya dunƙulen hannu muke yi masa. Ashe Sensei ne ya canza shi, don ya zauna da mu ya san halinmu. Ina kan tudu, benci cike da mutane, sai Kenji mai cafe min ya ware yatsunsa biyar ya nuno ni da su. Daƙuwa tsirararta. Na waiga ko da wani yake. Na girgiza kai. Ya sake yi, har da kaɗa su. Na yar da ƙwallo na nufe shi ina cewa da Hausa, "Me uwata ta yi maka?" Alƙalin wasa ya tsayar da wasa, tafinta ya rugo, Kenji yana ta rusunawa yana ba da haƙuri a kan laifin da bai san ko mene ne ba. Kaka biyu ya yi yana min daƙuwa ina gyaɗa kai, kuma ban yi amini kamarsa a sana'ar nan ba. Duk da haka ko yaushe ya yi sai na ce a zuciyata, "Taka dai."

Daga nan ci-rani ya fara. A garinmu in an gama girbi maza sukan tafi kudu neman na tuwo, damina ta sauka su dawo. Nawa ci-ranin ba shi da damina. In sanyi ya rufe filayen Turai in gangara Ostireliya, in can ta rufe in nemi wata ƙaramar ƙungiya a Koriya ko Italiya ko Jamus. Ban taɓa kwance jakata har ƙasa ba. Sallama kuma iri ɗaya ce a kowane harshe: manaja zai kira ka ofis, ya rufe ƙofa, ya tambaye ka ko za ka sha wani abu. In ka ji manaja ya yi maka tayin shayi, fara tunanin inda fasfonka yake.

Wani wasa a Italiya ba na manta shi. Tun da aka fara ina zaune a benci rana na duka na, har aka kusa tashi. Sai aka kira ni. Wani ƙato ne ya shigo, bahago shi ma, wanda ya hana 'yan ƙungiyarmu sakat. Na ba shi 'yar zamiya ya sari iska, na ƙara ya sake sara, ta uku ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Ina gyara hula don in fuskanci na gaba, sai ga manaja ya tako ya miƙo hannu in ba shi ƙwallo. Na ce me na yi? Ya ce babu. Na ce to me ya sa za a cire ni? Ya ce ai na gama, saboda ƙaton nan kaɗai aka ɗauko ni. Na sauka mutane suna tafi, ni kuwa ina neman wanda zai gaya min ko yabo ne ko kora. Haka na yi shekaru: a ɗauko mutum daga wata uwa duniya, a ba shi ɗaki da abinci, don ya hana mutum ɗaya dukan ƙwallo.

Sannu a hankali wayar ta daina ƙara. Gwiwar hannu ta fara yi min magana da safe, ƙungiyoyi kuma suka koma neman yara. Ina zaune a Zariya ina tunanin ko in fara kiwon kaji, sai Kenji ya kira ni. Ya ce akwai wani Mista Lim a Kuala Lumpur, yana da wajen atisaye a wani tsohon sito a Cheras, an zagaye shi da raga. Ma'aikatan kamfanonin Koriya da Japan suna zuwa bayan an tashi aiki su yi duka, da 'ya'yansu, da 'yan ƙasa ɗaiɗaiku. Yana da injin jifa, amma masu zuwa sun ce sun fi son su ga hannun mutum. Na ce ai abin nema ya samu. Mista Lim ya yi min takardar izinin aiki, na kawo iyali, yara suka shiga makaranta. Zamanmu duka a ƙasar nan a kan takardar nan ya rataya, ita kuma a kan sa hannunsa.

Mutumin farko da na jefa wa wani manaja ne ɗan Koriya, mai tumbi, da sabuwar gora mai tsada. Na tsaya bayan 'yar ragar da ke kare mai jifa, na kwashe masa bokiti guda. Ko ɗaya bai taɓa ba. Na fito ina jin kaina, na ce yau maigida zai san ya yi sayen kirki. Mista Lim ya ja ni gefe, fuskarsa ba annuri.

"Sani, cannot like that lah," in ji shi. "Customer pay to hit. You give him hit."

Wato mutumin kuɗinsa ya biya don ya buga, ni kuma in ba shi ya buga. Na ce, "Boleh," kamar yadda na ji kowa yana cewa a nan in an tambaye shi ko zai iya. A raina na ce wannan ai hutu ne. Wanda ya iya hanawa, bayarwa za ta gagare shi?

Ta gagare ni. Wannan ita ce muguwar shekarata, ba shekarar da aka kore ni a Jamus ba, ba ta ciwon gwiwar hannu ba. Zan riƙe ƙwallo da niyyar in miƙa ta sak a tsakiya, in sake ta, in ga ta taho lafiya lau, sai a gab da mutum ta zame. Na kauce wa ɗinki, ta zame. Na rage ƙarfi, ta ƙara nutsewa. Na riƙe ta da tafin hannu duka kamar mai jifan kare, ta je ta sami wani akanta a kwankwaso. Abin da ya fi ɗaure min kai, ban ji na yi wani abu daban ba. Kaina yana cewa ba shi, hannun yana cewa ba a haka muka saba ba. Ina ji ina gani masu zuwa suka fara komawa layin inji, ni ina tsaye da cikakken bokiti kamar mai tallan da ya yi kwantai.

Na je asibiti. Likita ya ɗauki hoto, ya lanƙwasa hannun ya miƙar, ya ce na ɗan shekaruna ba shi da laifi. Ya tambaye ni me yake yi min. Na ce ba ya bari a bugi ƙwallo. Ya ce ba aikina ke nan ba? Na ce da can. Ya dube ni, na dube shi, ya rubuta min maganin shafawa. Na je wajen wani tsoho Bamale, wato ɗan asalin ƙasar nan, mai tausa a Setapak, ya murje ni har na yi salati, washegari ƙwallo ta zame fiye da jiya. Daga ƙarshe na hau jirgin ƙasa zuwa Pantai Dalam wajen Malam Auwal, mutumin Kano da ke karatun digiri na uku, wanda ke ja mana salla in mun taru. Na zayyana masa komai. Ya shafa gemu.

"To Malam Sani," ya ce, "ni ban gane me za mu roƙa ba. Allah ya rage maka iyawa?"

Na ce ni ma ban sani ba, a dai roƙa hannun ya miƙe. Muka ɗaga hannu muka roƙa, muka shafa. Tsoro na ji a lokacin, ba na ɓoye muku. Mista Lim ya riga ya nuna min hoton wani sabon inji a wayarsa, mai allo da ke nuna mutum yana jifa, ya ce zai jira zuwa lokacin sabunta takardata ya gani. Bai yi min tayin shayi ba tukuna, amma na ga yana kallon buta.

Wata safiya ina tsince ƙwallaye kafin a buɗe. Hannun hagu yana riƙe da ledar nasi lemak, shinkafar karin kumallonsu, da na yi tapau, wato na sayo a ƙunshe, a hanya, don haka da dama nake ɗauka ina cilla su bokiti daga nesa. Ban san Mista Lim yana bayana ba. Ya ce in sake. Na sake. Ya je ya ɗauko gora da kansa, ya tsaya ya ce in jefa masa da wannan hannun. Na jefa, a karkace, ƙafafuna suna harɗewa, jifan mata ma ya fi shi kyan gani. Ƙwallo ta tafi a hankali, sak, ba ha'inci ko kaɗan. Ya kwaɗe ta har rufin sito.

"This hand honest," ya ce. Wai wannan hannun mai gaskiya ne.

Haka na koma ɗan koyo da furfurata. Na sayi safar ɗaya hannun, na koma kan tawul a falo yarana suna dariya suna tambayata da Turanci ko lafiya. Ƙafar da na saba ɗagawa ita ce yanzu ke tsayawa. Na faɗi a kan tudu ba sau ɗaya ba. Amma in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Manajan nan mai tumbi ya dawo layina, ya buga ƙwallo ta daki ragar ƙarshe, ya yi ihu kamar an yi masa haihuwa, washegari ya kawo min kwalin 'ya'yan itace. Aka sabunta takarda. Injin mai allo bai zo ba.

Ga abin da ba ku gani daga bayan raga. Yawancin masu zuwa ba su iya duka ba. Kowannensu gorarsa hanya ɗaya take bi, ko ƙwallo tana nan ko ba ta nan. Aikina in kalli yadda mutum ya kaɗa ta kafin ya shiga, in gane inda za ta ratsa da lokacin da za ta iso, in kai ƙwallo ta jira ta a wurin. Akanta yana son ta ƙasa-ƙasa, manaja daidai cibiya, wata 'yar Japan mai gilashi kuma sai ka ɗan jinkirta mata don tana rufe ido. Ba su ke bugun ƙwallo da gora ba, ni ke bugun gora da ƙwallo, su tafi gida suna ba matansu labari. Inji bai san wanda maigidansa ya yi wa faɗa a ofis yau ba. Ni daga yadda mutum ya ɗaura takalmi nake ganewa.

Na yi shekaru a haka, hannun hagu yana hutawa, ba ya komai sai riƙe safa. Sai bana wani saurayi Bamale mai suna Hafiz ya fara zuwa. Wannan ba irin su manaja ba ne, ɗan wasa ne na gaske, yana shirin tafiya gwaji Taiwan. Ya gaya wa Mista Lim damuwarsa: bai taɓa fuskantar bahago mai lanƙwasa ba, kuma ya ji can suna da yawa. Mista Lim ya ƙwala min kira.

"Sani! Tomorrow use your left. The bad one."

Wato gobe in zo da mugun hannun. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ya kama ni har kunne. Na zaro tsohuwar safata daga ƙasan jaka na shafe ta da man kaɗe, na gyara farce. Washegari na ture 'yar ragar kariya gefe, na hau tudu sosai kamar da. Hafiz ya gyara tsayuwa. Na ɗora yatsa a kan ɗinki inda ya saba zama, ya kuwa zauna daram kamar jiya ya tashi. Na ɗaga ƙafa, na taka, na saki 'yar zamiya.

Ta taho sak. Na jira ta zame. Ba ta zame ba. Ƙarar gorar ta cika sito.

Na ce sanyin jiki ne. Na ɗauki wata na ƙara matsa yatsa. Sak, daidai cibiya. Na murɗa wuyan hannu har na ji shi a gwiwa. Sak. Na canza riƙo, na koma wanda nake yi a Italiya, na koma na Zariya. Duk wadda na saki sai ta je ta tsaya wa yaron nan a inda gorarsa za ta ratsa, a kan lokaci, da ladabi. Na dubi hannun. Shi ne dai, da tabon bororonsa da komai.

Mista Lim ya taho yana tafi, ya daki bayana. "Wah, Sani! Left also okay already! Now two hand can work!" Murna yake yi da gaske: hannun ya warke, yanzu in dama ta gaji hagu ta karɓa. Na buɗe baki in ce alhamdulillahi, tunda abin da na yi shekara ina nema ke nan, na rasa ko ita ce kalmar wurin.

Hafiz ya share gumi, ya rusuna min kaɗan. Da Pak Cik yake kirana, wato kawu.

"Terima kasih, Pak Cik, warm-up dah cukup," ya ce, yana godiya, wai ɗumin jiki ya isa haka. Ya ɗaga gora ya kafa ƙafa. "Now the bending one."

Yanzu a kawo mai lanƙwasar. Ban iya gaya masa ita nake jefa masa tun ɗazu ba. Na ce, "Boleh," na sunkuya na sa hannu a bokiti.